SHARHI: Rabin labarin cin hanci da makarantun kasuwanci ke koyarwa, da rabin da ya rage a hannunmu

A ranar 10 ga Fabrairun 2025, Shugaban Amurka Donald Trump ya sanya hannu a kan wata takardar umarni da ta tsayar da buɗe sababbin bincike, na tsawon kwanaki 180, a ƙarƙashin dokar da ta haramta wa kamfanoni bai wa jami'an gwamnatocin ƙasashen waje cin hanci. Hujjarsa ita ce dokar tana ɗaure wa kamfanonin Amurka hannu a fagen neman kwangila. A watan Yunin shekarar ma'aikatar shari'ar ƙasar ta fito da sababbin ƙa'idoji: dokar tana nan, amma za a fi karkata ga shari'o'in da suka shafi gungun masu safarar miyagun ƙwayoyi, da tsaron Amurka, da wuraren da wani kamfanin Amurka ya rasa ciniki saboda abokin gasarsa ya ba da toshiyar baki.

Mai karatu a Kano ko Gusau zai iya cewa ina ruwanmu da dokar Amurka. Ruwanmu ne kuwa. Mafi yawan abin da muka sani a rubuce game da manyan badaƙalolin cin hancin da kamfanonin ƙetare suka tafka a Najeriya, daga wannan doka ya fito, wadda aka kafa a 1977 kuma aka fi sani da FCPA. Takardun tuhuma da na amsa laifi da aka gabatar a kotunan Houston da Washington, haɗe da na kotun Munich a Jamus, su ne suka gaya mana nawa aka biya, ta hannun wa, a wane otal. Waɗannan takardu kuma su ne ake sarrafawa su zama darussan ɗa'ar kasuwanci da ake koya wa manajojin gobe a manyan makarantun duniya. Wanda ya karanta darussan tare da takardun kotun zai ga cewa rabin labarin kawai ake ba wa ɗalibai.

Salon koyarwar ya samo tushe daga Makarantar Kasuwanci ta Jami'ar Harvard, wadda aka kafa a 1908 ta kuma rungumi salon tun shekarun 1920. Maimakon malami ya tsaya yana karanto ƙa'idoji, sai a miƙa wa ɗalibi labarin wani kamfani na gaskiya a cikin 'yan shafuka, a zaunar da shi a kujerar shugaban kamfanin a ranar da al'amura suka cakuɗe, a tambaye shi: kai me za ka yi? Salo ne mai amfani, domin yana tilasta wa mutum ya yanke shawara a gaban tsararrakinsa, ya kuma kare ta. Batun ɗa'a ya ƙara samun gindin zama a cikinsa bayan rushewar kamfanin Enron a Disambar 2001. Shugaban kamfanin da aka ɗaure, Jeffrey Skilling, a Harvard ɗin ya yi digirinsa na biyu, kuma Enron yana da kundin ɗa'a mai shafi 64 a lokacin da yake shirya alƙaluman ƙarya. Ɗaya daga cikin dabarun da ya yi amfani da su wajen kumbura ribar 1999 ma ta ratso ta ƙasarmu: cinikin wasu jiragen ruwa masu samar da lantarki a gaɓar Legas, da aka nuna an sayar wa bankin Merrill Lynch. A 2004 makarantar ta wajabta wa dukkan ɗalibanta na shekarar farko wani kwas a kan shugabanci da sauke amanar kamfani.

Daga cikin labaran da suka yi fice a wannan fanni akwai na Siemens, katafaren kamfanin injiniya na Jamus. A Nuwambar 2006 'yan sanda da masu gabatar da ƙara suka kai samame ofisoshinsa a Munich. Abin da aka tono ya wuce aikin wasu 'yan tsirarun ɓata-gari. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta lissafa biyan kuɗi sau 4,283 tsakanin 2001 da 2007, jimillar kusan dala biliyan 1.4. Akwai wuraren karɓar tsabar kuɗi a cikin kamfanin, inda ma'aikaci zai zo da akwati a cika masa har yuro miliyan ɗaya a tashi guda. Manajoji kan sa hannun amincewa a kan 'yar takarda mai manne, don in bincike ya taso a ɓamɓare ta. Har zuwa 1999 dokar harajin Jamus tana ƙyale kamfani ya lissafa abin da ya bai wa jami'an ƙasar waje a cikin kuɗin gudanar da aiki, a rage masa haraji a kai. Da aka canza dokar, ɗabi'ar ba ta canza ba, sai dai ta koma ƙarƙashin ƙasa, ta hanyar kwangilolin bogi da ake bai wa masu ba da shawara.

A ranar 15 ga Disambar 2008 Siemens ya amince ya biya Amurka dala miliyan 800. In aka haɗa da abin da ya biya a Jamus, kuɗin ya kai kimanin dala biliyan 1.6. Daga nan labarin da makarantu ke so yake farawa. An kawo Peter Löscher a 2007, mutum na farko daga wajen kamfanin da ya shugabance shi. Ya sauya mafi yawan manyan shugabanni. Ya yi wa ƙananan ma'aikata tayin afuwa in suka fito suka faɗi abin da suka sani kafin wa'adi ya cika. Sashen tabbatar da bin doka ya bunƙasa zuwa ɗaruruwan ma'aikata. An naɗa tsohon ministan kuɗin Jamus, Theo Waigel, ya sa ido a kan kamfanin na tsawon shekaru. A 2012 malaman Harvard suka fitar da darasi a kan yaƙi da cin hanci a Siemens, shi ma Löscher ya rubuta maƙala a mujallar makarantar a kan yadda ya yi amfani da abin kunyar wajen kawo sauyi.

Ban ga dalilin musanta cewa an yi gyara na gaske ba. Abin da nake dubawa shi ne inda Najeriya ta faɗo a cikin labarin. A Oktoban 2007 kotun Munich ta ci tarar kamfanin yuro miliyan 201, bisa biyan cin hanci sau 77 ga jami'ai a Najeriya da Rasha da Libiya, jimillar kusan yuro miliyan 12, kuma kaso mafi tsoka 'yan Najeriya ne suka karɓa. Takardun Amurka sun ambaci kwangiloli huɗu na sadarwa da aka ƙulla da NITEL da ma'aikatar sadarwa, na kimanin dala miliyan 130, waɗanda aka biya aƙalla dala miliyan 4.5 na toshiyar baki a kansu. Sun ambaci agoguna na kusan dala 172,000 da aka saya wa wasu jami'ai, waɗanda a littattafan kamfanin haruffa kawai aka rubuta a madadin sunayensu. Ga ɗalibin da ke zaune a Boston, wannan ɗan saƙo ne a gefen shafi, ɗaya daga cikin ƙasashe da dama, tare da Ajantina da Bangladesh da Benezuwela. Ga wanda ya tuna yadda ake shafe watanni ana bin layin wayar NITEL, har kamfanin ya durƙushe, wannan shi ne labarin.

Ba mugunta ce ta jawo wannan giɓi ba, tsarin abin ne. Darasin an gina shi ne a kan kujerar mai yanke shawara a kamfani, don haka duk abin da ke wajen kamfanin sai ya zama yanayi, kamar zafin rana ko rashin hanya, abin da manaja zai yi dabarar zama da shi. Sannan darussan da ake rubutawa ta hanyar hira da shugabannin kamfani, yawanci sai kamfanin ya duba ya amince kafin a fitar da su. Kamfanin da ya tuba ya gyara yana son a ba da labarinsa. Ministan da ya karɓa ba ya gayyatar malamin jami'a ofishinsa. Ita kanta dokar ta 1977 mai bayarwa take hukuntawa, ba ta taɓa mai karɓa, kuma al'adar masu gabatar da ƙara na Amurka ce ba sa rubuta sunan wanda ba su tuhuma ba. Shi ya sa takardun ke cike da "wani babban jami'i" da "wani jami'in kamfanin mai". Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A waɗannan darussa an auna ɓeran an kuma yi masa gwajin jini, daddawar ko buɗe ta ba a yi ba.

Badaƙalar da ta fi nuna wannan a fili ita ce wadda 'yan Najeriya suka sani da sunan Halliburton. Kamfanoni huɗu ne suka yi taron dangi a ƙarƙashin sunan TSKJ: Technip na Faransa, Snamprogetti na Italiya, KBR na Amurka, wanda a lokacin reshen Halliburton ne, da JGC na Japan. Tsakanin 1995 da 2004 sun samu kwangiloli huɗu na fiye da dala biliyan 6 don gina masana'antar sarrafa iskar gas ta NLNG a tsibirin Bonny, wadda NNPC ke da kashi 49 cikin ɗari a cikinta. Domin samun kwangilolin sun ɗauki dillalai biyu. Wani lauya ɗan Birtaniya mai suna Jeffrey Tesler ya karɓi kusan dala miliyan 132 ta wani kamfaninsa da ke rajista a Gibraltar, don ya kula da manya. Kamfanin Marubeni na Japan ya karɓi fiye da dala miliyan 50 don ya kula da na ƙasa da su. Zaman da suke yi don tsara rabon, suna kiransa taron al'adu.

Wannan suna ya cancanci a tsaya a kansa. Mutanen da suka zaɓe shi ba jahilai ba ne, injiniyoyi ne da lauyoyi da masu digirin kasuwanci. Sunan yana yi musu aiki biyu: yana ɓoye abin daga idon mai binciken kuɗi, yana kuma ɗauke musu nauyi a zuciya, domin in cin hanci al'adar mutanen wurin ce, to mai bayarwa baƙo ne mai ladabi da ke girmama al'adar masu gida. Glencore, kamfanin dillancin ma'adinai da ɗanyen mai, da ya amsa laifi a 2022, ma'aikatansa suna kiran kuɗin jaridu ko cakulan. Mu ma a nan muna da namu, na goro da na shan ruwa da ihsani, kuma aikinsu ɗaya ne.

Albert Stanley, tsohon shugaban KBR, ya amsa a gaban kotu a 2008 cewa shi da abokansa sun gana da mutum uku da suka riƙe wani babban muƙami a ɓangaren zartarwa na gwamnatin Najeriya, ɗaya bayan ɗaya, suna roƙon kowannensu ya nuna wakilin da za a daidaita farashi da shi. Takardun tuhumar sun ba da labarin wata jaka irin ta matuƙan jirgin sama, ɗauke da dala miliyan ɗaya 'yan ɗari-ɗari, da aka kai wa wani jami'in NNPC a wani otal a Abuja a 2002. Sun ba da labarin wata mota da aka cika da naira ta kimanin dala 500,000 a 2003, aka ajiye ta a harabar otal har sai da aka zo aka kwashe, kuma an ce kuɗin na wata jam'iyyar siyasa ne. Asirin bai tonu a Abuja ba. A Paris ya fara tonuwa a 2003, lokacin da wani tsohon jami'in Technip ya buɗe baki a gaban alƙali mai bincike Renaud Van Ruymbeke.

Yanzu a duba lissafin. A Fabrairun 2009 KBR da Halliburton suka biya Amurka dala miliyan 579. Technip ya biya miliyan 338 a 2010, Snamprogetti da uwar kamfaninsa ENI suka biya miliyan 365. JGC ya biya miliyan 218.8 a 2011, Marubeni miliyan 54.6 a 2012, aka kuma ƙwace kusan miliyan 149 daga hannun Tesler. Jimilla kimanin dala biliyan 1.7, duka a baitulmalin Amurka. An ɗaure Stanley wata 30, Tesler wata 21. A Najeriya, gwamnatin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ta kafa kwamitin bincike a 2009 ƙarƙashin Sufeto Janar na 'yan sanda Mike Okiro. A Disambar 2010 EFCC ta shigar da ƙara har da sunan Dick Cheney, tsohon mataimakin shugaban Amurka da ya shugabanci Halliburton daga 1995 zuwa 2000. Cikin 'yan kwanaki aka janye ƙarar, bayan Halliburton ya amince ya biya dala miliyan 35. Wata guda kafin nan an sasanta da Siemens a kan naira biliyan 7. Har yau ba a ɗaure wani babban jami'in gwamnatin Najeriya ko ɗaya saboda kuɗin Bonny ba.

Za a iya cewa Amurka ta ci riba da wahalarmu, kuma an sha faɗin haka. Amma maganar ba ta miƙe haka ba. Su suka yi binciken, su suka bi sawun kuɗin ta bankunan New York da Switzerland, kuma dokarsu ta kare kasuwarsu ce, ba ta kare talakan Najeriya ba. Akwai kuma tambaya mai nauyi: wa za a mayar wa kuɗin, in jami'an gwamnatin da ke neman diyyar ne suka karɓi hancin, kuma gwamnatin ba ta hukunta ko ɗaya ba? Lokacin shari'ar Glencore a Landan a 2022, inda aka ci kamfanin tarar kusan fam miliyan 281, Najeriya ta nemi kotu ta saurare ta a matsayin wadda aka cuta. Alƙalin ya ce doka ba ta ba ta hurumin tsoma baki a shari'ar ba. Sai a 2024 gwamnati ta sanar da sasancin dala miliyan 50 da kamfanin, alhali takardun Amurka sun nuna ya biya dillalai fiye da dala miliyan 52 a Najeriya kaɗai.

Eugene Soltes, malami a makarantar Harvard ɗin, ya shafe shekaru yana musayar wasiƙu da hira da kusan mutum 50 daga cikin manyan ɓarayin biro, har da Bernard Madoff, ya fitar da littafi a kansu a 2016. Abin da ya gano shi ne yawancinsu ba su zauna sun auna riba da hatsari ba kamar yadda ake zato. Ba su ji a jikinsu cewa suna cutar da kowa ba, domin wanda aka cuta yana nesa, ba shi da fuska. Mai fizgen waya a titi yana ganin idon mai wayar. Mai sa hannu a takardar biyan dillali ba ya ganin kowa. In wannan bayani gaskiya ne, kuma ina ganin gaskiya ne, to darasin da ya bar wanda aka cuta a gefen shafi yana sake gina nisan nan ne a cikin aji. Ɗalibi zai fita ya san yadda ake kafa layin tsegumi na sirri da yadda ake tantance dillali, abubuwa masu kyau, amma a ransa hatsarin cin hanci shi ne tara da zubewar sunan kamfani. Ranar da aka sassauta tarar, kamar yadda aka fara gani a 2025, lissafinsa zai canza.

A Disambar 2023 Amurka ta kafa wata sabuwar doka da ta kai hannu ga mai karɓa: jami'in ƙasar waje da ya nemi toshiyar baki daga kamfanin Amurka zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 15. Doka ce mai kyau a takarda, sai dai ma'aikatar da za ta yi aiki da ita ita ce wadda aka umarta ta rage gudu. Birtaniya tana da tata dokar ta 2010, Faransa ta 2016, kuma suna aiki, amma babu wadda ta taɓa kai ta Amurka tsawon hannu.

Abin da ya rage shi ne namu ɓangaren. Muna da makarantun kasuwanci a Legas, da Jami'ar Bayero a Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Muna da labaran gida da suka isa a cika manhaja: kumbura alƙaluman Cadbury Nigeria da aka gano a 2006, da shari'ar Cecilia Ibru ta bankin Oceanic, wadda a 2010 aka yanke wa ɗaurin wata shida tare da ƙwace kadarori na kimanin naira biliyan 191. Ɗaliban waɗannan makarantu, da yawansu ba kujerar Löscher za su zauna ba. Za su zauna ne a kujerar daraktan sayayya, ko sakataren kwamitin kwangila, ko akawun da aka kawo wa takarda daga sama aka ce ya sa hannu kafin la'asar. Darasin da zai amfane su shi ne wanda zai tambaye su abin da za su yi ranar da maigidan da ya samo musu aikin ya turo wakilinsa, ranar da 'yan uwa ke jiran su ga alamar muƙami, ranar da suka san cewa tsarin tona asiri na 2016 ya yi alƙawarin tukuici na kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari amma babu dokar majalisa da ke kare mai tonawa daga kora.

Irin wannan darasi ba ya rubutuwa sai da takardu, kuma a nan ne aikin ya tsaya. Takardar amsa laifin Stanley tana nan a shafin intanet na ma'aikatar shari'ar Amurka, kowa zai iya sauke ta a wayarsa kyauta. Rahoton kwamitin Okiro kuwa gwamnati ba ta taɓa wallafa shi cikakke ga jama'a ba, duk da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Jaridar NEXT, wadda ta bi diddigin badaƙalar tun 2009, ta daina fitowa a 2011.

A Yulin 2019 shugaban Siemens na lokacin, Joe Kaeser, ya zo Abuja ya sa hannu a kan yarjejeniyar gyaran wutar lantarki a gaban Shugaba Muhammadu Buhari, da burin kai wa megawat 25,000 zuwa 2025. Kamfanin ya zo da tarihinsa a rubuce, kowa na iya karanta abin da ya yi, da abin da ya biya, da abin da ya ce ya gyara. A ɗaya ɓangaren teburin akwai gwamnatin da har ranar ba ta gaya wa 'yan ƙasarta wa ya ɗaura agogunan nan ba.